Lambar da Na Rantse Ba Ta Rabuwa

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da Bature mai duba makarantu ya zo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta Gaya, ba. Lokacin Faransa na gab da naɗe tabarmarta, ni kuwa ƙaramin malami ne mai farin wando, ana ce mini mushe, wato malam da Faransanci, ina jin duk gaɓar kogin nan babu kai irin nawa. An ce Baturen zai zaɓi malami ɗaya a kai shi babbar makarantar Dosso, har da ƙarin girma. Na ce wannan kujera tawa ce.

Sai na ƙirƙiro lamba mai gurbi goma sha biyu, na yi shelar cewa babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Sati uku ina gwaji. Na ga biyu da biyar ba sa raba ta, sai na tsallake ƙananan lambobi na faɗa wa manya, su casa'in da bakwai, su ɗari da ɗaya. (A tunanina, lamba mai wannan girma ba za ta saurari uku ko tara ba, kamar yadda kumandan, Baturen mulki, ba ya sauraron talaka.)

Ranar aka gayyato iyaye, aka jera su a benci. Cikinsu akwai Alfa Sumana, wani tsoho ɗan ƙabilar Dandawa mai yi wa masunta duba da hisabi, wanda na sha gaya wa ɗalibaina aikinsa shirme ne. Na cika tablo, babban allon aji, da lambata, na sa yara suka rera ta da Faransanci. Don burga kuma na karanta wa iyaye ita ɗaya bayan ɗaya da Hausa, na ce kowa ya gwada.

Alfa yana ta motsa yatsu. Can ya yi gyaran murya.

"Mushe, ɗana, tara tana cinye ta fa."

"Baba Alfa, wannan lissafin Turawa ne," na ce, har da murmushi.

"To. Ni dai na haɗa lambobin da ka karanto, hamsin da huɗu. Na zubar da tara sau shida, ba saura."

Baturen ya juyo ya tambaye ni me tsohon ya ce. Ni ne tafinta a wurin, babu wani. Wallahi da bakina na ce masa, "Yana yi wa Faransa fatan alheri." Baturen ya ji daɗi, ya ɗaga wa Alfa hula. Alfa ya ɗauka an karɓi maganarsa, sai ya miƙe ya ɗaga yatsu tara sama, yana nuna tablo da haɓa.

Baturen ya dubi yatsun, ya dubi tablo, ya karɓi alli daga hannuna. Bai yi minti biyu ba ya gama rabawa, ya zana sifili ƙato a ƙasa. Sannan ya ce in fassara wa iyaye cewa tsoho ya yi daidai, mushe ya yi kuskure. Na fassara. A rayuwata ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba, kuma wata tsohuwa ta ce ba ta ji ba, in maimaita.

Ba a kai ni Dosso ba. An tura ni ƙauyen Zabori, ajin 'yan farko, inda na shekara huɗu ina koyar da ɗaya zuwa goma. Tun daga nan, duk girman abu, da ƙananan tambayoyi nake fara masa. Kuma in tsoho ya fara motsa yatsu ina cikin magana, sai in yi shiru in nemi wurin zama.