Ranar da Na Dirje Gwiwar Matar Tagulla

Ko na manta duk abin da na gani a Dubai, ba zan taɓa mantawa da makona na biyu a wani gidan gwanjo da ke Al Quoz ba. Aikina shara da goge-goge. Madam, mai wurin, ta ce gwajin wata ɗaya za ta yi min, in ta gamsu ta yi min biza. In ba ta gamsu ba, sai in goya Hanifa, 'yata mai wata tara, mu koma Kano mu bar babanta yana ɗaurin kaya a Deira. Don haka na ƙudurta sai na yi aikin da ba mai kushewa.

Abin da ake sayarwa a wurin mutum-mutumi ne na tagulla. Wani ba kai, wani hannu kamar muciya, wata an huda mata ciki har kana hango bango. (Da farko ina wucewa ina a'uziyya.) Amma akwai wadda ta shiga raina, mace a zaune rungume da jariri. Sai dai duk jikinta ya yi kore-kore, kamar tasar da aka manta a bayan randa.

Ni kuwa a hannun kakata na tashi, matar da in ta ga kore a jikin tagulla ranar ba mai sakewa a gidan. Na ce a raina, ashe masu kuɗin nan ƙazamai ne.

Ranar da masu saye za su zo duba kaya kafin gwanjo, na yi sammako da jiƙaƙƙiyar tsamiya a gora da soson ƙarfe. Na tsuguna na kama gwiwarta ta dama, na dirje har sai da na hango fuskata a ciki. Lokaci ne ya ƙure, da har jaririn sai na yi wa wanka.

Da hantsi wani dattijo mai sanda, irin masu tara kayan nan, ya tsaya cak a gabanta, ya sa aka kira Madam. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na ga yatsansa a kan gwiwar, na gane tambaya yake wa ya yi. Na gyara ɗankwali, na kutsa tsakiyar mutane, na dafa ƙirji. Har da murmushi.

Na juya wurin Malam Isufu, ɗan Nijar mai kula da sito. "Malam, faɗa musu gobe inshallah zan ƙarasa ɗaya gwiwar."

"Maman Hanifa, ki rufa wa kanki asiri ki yi shiru," ya ce ƙasa-ƙasa. "Koren nan shi suke saya. Maƙerin ne ya sa shi da hannunsa, shekaru suka ƙara. Ke kin zo da kayan kunu kin cire."

"Dattin?"

"Dattin."

Aka lulluɓe matar, aka cire ta daga gwanjon, sai mai gyara ya gan ta. Madam ta kalle ni ta ce, "Khalas," wato shi ke nan, aikina ya ƙare.

Amma ban ɗauki jakata ba. Na tsaya ƙofar ofishinta har bayan azahar, na roƙi Malam Isufu ya fassara min. Na ce na yi ɓarna, kuma ban sani ba ne. Amma tun Litinin ruwan na'urar sanyi yana ɗiga a kafaɗar mara kan nan, mai hannun muciya kuma gindinsa na girgiza in an wuce da keken kaya, ba wanda ya lura sai ni. A nuna min abin da ba a taɓawa kawai.

Madam ta tashi ta je ta duba. Ta daɗe. Da ta dawo sai ta miƙo min safar hannu da wani burushi mai laushi kamar gashin Hanifa, ta ce gorar tsamiyar ta zauna a ofishinta.

An yi min biza. Yanzu ko ƙura na gani sai na tambaya ko ta sayarwa ce. Jiya Baban Hanifa ya ɗaga tukunyata ya ce gindinta ya yi baƙi. Na ce ya ajiye ta a hankali, daraja take ƙarawa.