Inda Sallau Ya Fara da Inda Ya Tsaya

A ƙauyen Gidan Jatau akwai wata dattijuwa, Kande, da ɗanta guda, Sallau. Ƙato ne mai ƙarfin gaske, amma duk abin da aka ce masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Gona ɗaya mahaifinsa ya bar musu, kafaɗa da kafaɗa da ta Ilu, ƙanen marigayin. Shi kuwa Ilu ya riga ya faɗa gaban mai unguwa cewa in yaron nan ya kasa nomanta bana, zai haɗe ta da tasa. Tun ranar Kande ba ta ƙara cin tuwo da daɗi ba.

Wata rana, bayan ruwan shuka, ta ba shi kwanon gero ta ce, "Ka fara daga gindin tsamiya. Ka sari rami, ka zuba iri, ka taka gaba. Sai ka sake duk yadda na faɗa." Da azahar ta kai masa fura, ta tarar da shi sharkaf da gumi a gindin tsamiya, rami ɗaya tal, ya cika da gero har yana zuba.

"Sallau, ina sauran ramukan?"

"Inna, kin ce in sake duk yadda kika faɗa. Farkon maganarki ai tsamiya ce."

Wata rana, bayan ta roƙo iri wurin maƙwabta, ta zaunar da shi. "Tsamiya sau ɗaya ake farawa daga ita, ka ji ko? Bayan nan, daga inda ka tsaya kake ci gaba." Baiwar Allah, ta manta ba ta gaya masa inda zai tsaya ba. Sallau ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe, ya fita daga gona, ya tsallake hanyar kasuwa, ya shuke tsakiyar filin ƙwallon firamare. Hedimasta da kansa ya riƙo shi ya kawo shi gida. Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki, ita kuwa Kande ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Da ƙyar aka gama shukar. Wata rana, lokacin noman fari, mai unguwa ya aiko cewa zai zo ya duba aikin da idonsa. Kande ta riƙe hannun ɗanta. "Daga inda ka tsaya ka ci gaba. Kada ka daina sai fartanyarka ta daki dutsen iyaka da babanka ya binne."

Da hantsi mai unguwa da Ilu da Kande suka iso gonar. Kande na hango ɗanta ta dafe ƙirji. Sallau ya wuce layin gambar da ya raba gonakin biyu, yana can cikin dawar Ilu yana ta noma.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe?" in ji Ilu. "Ko iyakar gonarsa bai sani ba! Kai, fito min daga gona!"

"Baffa, ban daki dutsen ba tukuna."

Ilu ya yi kansa da gudu, yana ihu. Kafin ya kai, sai ga ƙarar ƙarfe a kan dutse, ƙwal! Sallau ya miƙe, ya share gumi, ya ajiye fartanya.

Mai unguwa ya tona wurin da sandarsa, ya ga dutsen. Ya waiwaya ya ƙirga kunyoyin da ke tsakanin dutsen da gambar. Goma sha ɗaya, duk na gonar mahaifin Sallau.

"Ilu," ya ce, "wa ya matso da gambar nan?"

Kande ta zauna daɓas a kan kunya.

"Inna," in ji Sallau, "gobe daga nan zan ci gaba?"