Salwoyina da Suka Ƙaryata Littattafai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa zama shahararriyar mai bincike a Maiduguri. Kusa fa na ce.

Ina ajin ƙarshe a sashen kiwon dabbobi, aka ba ni aikin binciken da sai da shi zan karɓi digiri. Zan raba salwoyi gida biyu: wasu abinci na gabansu wuni zubur, wasu kuma da safe kawai za su ci, sai a janye kwano. Abin da aka koya mana shi ne, tsuntsun da aka taƙaita wa lokacin ci jikinsa kan shiga tattali, ya rage ƙiba, ya jinkirta ƙwai. Da yake ɗakin kiwon makaranta ya cika, sai na kai kejina gidanmu a Abbaganaram, na kafa a bayan ɗakin kakata.

Kullum in janye kwano in tafi lakca. Amma me? Salwoyin nan na horo suka yi ɓul-ɓul, ƙwai kuwa kamar da gayya, har sun fi masu ci wuni. Na ɗora su a sikeli, na sake ɗorawa. Wallahi sai da na taka rawa ni kaɗai a tsakar gida! Na gano abin da Turawa ba su gano ba: salwar Borno ba ta jin yunwa. (Har na fara gwada yadda zan gyara mayafi idan 'yan jarida sun zo.)

Malamin da ke duba aikina, wani Dokta ɗan Biyu mai sanyin hali, da ya ga sakamakon sai ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ai ko a gaban alƙali. Shi ma zumuɗin ya kama shi, ya ce zai zo ya gani da idonsa, har ya gayyato wani Furofesa baƙo.

Suka iso bayan la'asar. Na sha turaren wuta, na tsaya gaban keji ina zuba bayani kan yadda zafin garinmu ya sauya yadda jikin tsuntsu ke sarrafa abinci. Furofesa na ta gyaɗa kai. Ina tsakiyar magana sai salwoyin suka rikice, suka ruga gefe guda suna tsalle. Muka waiga. Kaka ce tafe da kwanon sha cike da gero da ragowar burabusko.

"Wushe, wushe, Malamai," ta gaishe su da yarenmu. "Ku ɗan matsa mini, lokacinsu ya yi."

Dokta ya ce, "Hajiya Kaka, lokacin me?"

"Na abinci mana! Yarinyar nan mantuwa gare ta, kullum sai ta ɗauke musu kwano ta fice. Ni kuwa a gidana ba a kulle halittar Allah da yunwa, me zan ce ranar gobe? Ban faɗa mata ba don kada ta ji kunya."

Don kada in ji kunya! Na so ƙasa ta tsage in shige. Furofesa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Dokta kuwa cire tabarau ya yi, ya tambaya a hankali tun yaushe. Kaka ta ce tun ranar da aka kawo su, har ta ƙara da cewa waɗanda nake ɗauke wa kwanon sun fi ba ta tausayi, shi ya sa take cika musu hannu.

Haka ƙawayena suka tafi bautar ƙasa, ni ina nan ina sake aiki daga farko da sababbin salwoyi, a makaranta, da kwaɗo a ƙofa. Na ji ciwo ƙwarai, amma na koyi darasi: duk ranar da sakamakonka ya ƙaryata duniya, kafin ka kira Furofesa, fara tambayar mutanen gida.