Zanzaro a Salansar Dagaci

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, fetur ya yi tsadar da dagacinmu na wajen Lakwaya ya ajiye babur ɗinsa mai ƙafa huɗu damina guda. Da ya tashi zagayen gona, babur ya ce bai san zance ba. Sai na ji wai an aika Kabo a kira Habu.

Habu! Mutumin da ni na koya wa riƙon sifana? Ina zaune a Gwarzo da shekara goma sha biyar a kanikanci? Nan take na kwashi kayan aiki na nufi gidan dagaci.

Na riga shi isa. Na shinshina fulogi, na girgiza kai irin na likita.

"Ranka ya daɗe, fistan ne. Wallahi in ya tashi ba a sake shi ba, na bar sana'ar!"

Na baje inji a tabarma, fadawa na ta yaba basirata. Sai ga Habu. Ya gaishe ni har ƙasa, abin da ya fi ƙona mini rai, ya zagaya ya zura tsinke a salansa. Busasshiyar laka ta zubo. Ashe zanzaro ne ya yi gini ya toshe ta.

Kwana biyu ina mayar da abin da na kwance. Bugu ɗaya ya tashi. Habu ya tafi da zabi biyu, ni kuwa liman ya yanka mini azumi uku na kaffarar rantsuwata.

Har yau zanzaro na shigowa rumfata 'yan acaɓa za su miƙe: "Oga, gyara tsayuwa, maigidanka ya zo duba aiki."