Yadda Za Ka Gyara Giyar Otomatik ta Mijin 'Yarka

Babu wani ƙarfe a cikin mota da ya fi ƙarfin mutumin da ya taɓa gyara babur. Na koyi haka daga Ɗangiwa, wanda ya baro facin taya a Jabo ya buɗe gareji a Tambuwal. Bi hanyarsa, na yi maka alkawarin ba za a taɓa kawo ƙararka ba.

1. Zaɓi mai motar

Nan ne gwanintar take. Baƙo yana da baki, don haka ka bar shi ya wuce Sakkwato. Nemi wanda kunya ta ɗaure. Ɗangiwa ya samu Haliru, mijin 'yarsa Saudatu, wanda ke ɗaukar fasinja tsakanin Kebbe da Tambuwal, kuma da motar nan da shanun huɗarsa gidansa ke ci. Giyarsa ta fara fizga, ya tsaya gaisuwa, surukinsa ya ce a ɗaga motar. Wa zai ce wa uban matarsa a'a?

2. Kwance komai

Shimfiɗa buhu a ƙasa ka zazzage cikin giyar a kai. Kada ka ɗauki hoto da waya don tuna yadda suke jere. Wannan aikin masu shakka ne. In yashi ya shiga, ai ɗan ƙasa ne.

3. Yi lacca

Za ka ga ƙarfe mai haƙora a tsakiya, ƙanana na zagaye shi, duk a cikin babban zobe. Masu ƙera motar sun sa wa na tsakiyan suna rana, ƙananan kuma taurari. Ɗaga shi sama masu shan shayi su gani, ka bayyana musu cewa ilimin sararin samaniya ne, ba kowa ake ba shi ba. Mutum ba ya tambayar wanda ke riƙe da rana ko ya san inda zai mayar da ita.

4. Mayar, gwargwadon hali

Wanda ya ƙi shiga, guduma tana nan. Za a samu ragowar wasu siraran zobba a kan buhu. Ɗangiwa ya ce na ƙasar sanyi ne, nan zafi kawai suke ƙarawa, ya watsa su a gwangwani. Jan man giya kuwa tsada ce da yanga. Baƙin mai ma mai ne.

5. Gwaji

Injin zai yi ruri, motar ba za ta motsa ba. Tara maƙwabta su tura. Otomatik ba ta jin turi, amma jama'a za su gaji, gajiyayye kuma ba ya bincike. Sannan ka ɗora laifin a kan hanyar Fakku da damina.

6. Karɓi godiya

Haliru ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gefen motarsa da ta mutu, idonsa a ƙasa.

"Sannu da aiki, Baba. Mun wahalshe ka."

"Ba komi, ɗana. Da wani wuri ka kai ta, da sun ɓata ma ita."

Haliru ya ce haka ne.

Gargaɗi

Marubucin nan malamin makaranta ne, keke yake hawa, kuma babu ruwansa da abin da zai samu giyarka ko zumuncinka. Mai ƙorafi ya duba sakamako: motar Haliru tana kan hanya yanzu, Ɗangiwa na nuna ta ga duk mai wucewa, har an fara kawo masa motoci daga Sanyinna. Saudatu ma tana alfahari da hannun babanta. Ba a gaya mata cewa an ja motar zuwa Sakkwato an sa mata wata giyar ba, haka kuma ba ta tambayi inda shanun huɗar mijinta suka tafi ba. Bana dai Haliru da fartanya yake noma.