Rasuwar Jar Tifa a Tukunyar Ruwan Wanka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta dubi jama'a, ni Zainulabideen, tela a Titin Bauchi, nake sanar da 'yan uwa maginan bulon roba na garin Jos, da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar shagona don ya kalle ta, rasuwar Jar Tifa. Ta cika da safiyar Laraba, wajen ƙarfe bakwai da rabi, a gidana da ke Naraguta, tana da shekara shida a duniya. Ba zan karanta mata abin da ake karanta wa ɗan Adam ba, don na san roba ce. Amma rashin nata ya taɓa ni, kuma yadda aka yi rashin ya fi taɓa ni.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, mota ce mai tsawon taƙi biyu, an gina ta da 'yan bulullukan roban nan na wasan yara, masu idanu a sama, da ake danna wani kan wani su kama. Ba a kwali ta zo ba, ba kuma takardar da ta nuna mana yadda za a haɗa ta. Ni da abokina Alphonsus, mai walda a Daɗin Kowa, muka tsinto bulonta ɗaya bayan ɗaya daga dilolin gwanjo na Katako, cikin buhunan da ake zuba guntayen motoci da 'yan tsana marasa kai. Mu biyu, magidanta masu furfura a gemu, mukan tsuguna muna tona tarkace, masu kaya suna tambayarmu shekarun yaron da muke saya wa. Alphonsus yakan ce arba'in da bakwai.

Shi ya kawo shawarar gina ta. Mahaifinsa, marigayi Baba Obum, ya yi shekara talatin yana jan jar tifa, yana ɗebo yashi daga bakin tsofaffin kududdufan kuza na nan Naraguta. Rabin gidajen unguwarmu da yashinsa aka yi musu shafe. Motar ta gaske an daɗe da yanka ta an sayar wa 'yan gwangwan, ko hotonta babu. Abin da Alphonsus ya tuna, shi muka gina: ƙofar direba da ba ta buɗuwa sai daga waje, da fitilar hagu da ta ɗan kalli sama.

Marigayiya ta kasance mai ƙwari da kamun kai. An jera bulonta yadda birkila ke jera na siminti, kowane ɗaya yana hawa kan gaɓar biyun da ke ƙasansa, shi ya sa sau biyu tana faɗowa daga kanta ba ta tarwatse ba. Ba a taɓa sa mata ɗigon gam ba. Tana ɗaga bayanta ta juye kaya cikin natsuwa, da 'yar ƙarar nan tata, ƙiii, ƙas, wadda nakan ji ko keken ɗinki na gudu. Ta yi mini dakon maɓallai da ƙananan allurai ba ta taɓa gunaguni ba. Masu zuwa karɓar ɗinki da faɗa a bakinsu sukan ganta su manta rabin abin da suka zo faɗa, kuma tela ne kaɗai zai san girman wannan hidima.

A cikinta akwai direba, ɗan mutumin roba da bai kai ɗan yatsa ba. Alphonsus ya zana masa gashin baki da tsinken sakace, sai da ya goge sau tara kafin ya ce yauwa, haka Baba yake idan an tsayar da shi a hanya. Ni kuma na ɗinka masa hular sanyi da ƙyallen tsohuwar safa. Ranar da muka zaunar da shi a kujera, Alphonsus ya fita waje ya daɗe yana duba tayar babur ɗinsa, alhali ba abin da ya same ta.

Asabar ɗin nan za a ɗaura auren Firisila, 'yar Alphonsus ta fari, wadda kakanta bai rayu ya gani ba. Ita da kanta ta roƙa a ajiye Jar Tifa a kan teburin amare, don Baba ya halarci bikin a cikin motarsa. Na amsa da girman kai, na ce sai ma na wanke ta ta yi ƙyalli. Na ɗauko ta daga shago ranar Talata na kawo gida.

Yanzu na zo kan jinya, kuma ina roƙon 'yan zaurenmu na waya su zauna kafin su ci gaba. Ni ne mai turo muku nasihar mako duk Juma'a. Ni na koya muku ware bulo bisa siffa, ba bisa launi ba. Ni na hana ku raba su da haƙori, na hana ku kusantar da ruwan goge jan farce, na hana ku shanya su a rana. Ni na rubuta, da manyan baƙaƙe, har sau uku, cewa ba a wanke bulo sai da ruwan da gwiwar hannu za ta jure, da ɗan sabulu, da tsohon buroshin haƙori.

Safiyar Laraba aka tashi da marka, da irin sanyin da ke sa mutumin Jos ya yi shawara da kansa kafin ya taɓa bokiti. Na sa hannu a ruwa na ji kamar an sare ni. Sai na dubi tukunyar ruwan wanka da ke kan kurfoti, na ce ai ya fara hucewa. Na tsoma marigayiya ciki ɗungurungum, ban ma kwance ta ba. Don kada ruwan ya yi sanyi kafin in nemo buroshi, na bar tukunyar a kan garwashi, na rufe da murfi. Daga nan waya ta shigo, wani da ya ba ni ɗinkin babbar riga yana son jin inda aka kwana, na shiga ɗaki ina rantse-rantse da ba da haƙuri. Minti arba'in na yi. Ƙarar ƙarshe da na ji daga gare ta, ta cikin murfi, ita ce ɓal, ɓal, ɓal.

'Yan uwa, na dafa tifa. Da na tsamo ta da ludayi, bayanta ya lanƙwashe kamar busasshen kifi, ƙofofi sun murɗe, idanun bulo sun saki juna. Na danna biyu na saurara, ba ƙas ba alamarta. Na lalube tukunya ina neman direba ban gan shi ba, na ɗauka ya narke ya bi ruwa.

Da a nan maganar ta tsaya, da wauta kawai zan amsa. Amma na ɗauki waya na kira Alphonsus, bakina kuma ya faɗi abin da ya fi dafa tifa muni. Na ce matata Ummusalma ce ta haɗa ta da kwanuka ta zuba mata tafasasshen ruwa. Na zaɓe ta ne don na san za a yarda. Kowa ya san yadda take yi mini tsiya, tana cewa ta auri tela ta wayi gari da ɗan raino. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, gilashin gaban motar, wanda muka yi shekara biyu muna nema, ita ta hango shi a gwanjo tana sayen rigunan sanyi, ta ƙullo shi a bakin gyale, ta ajiye mini a gefen kwanon tuwo.

Alphonsus ya ce, "Oga Zainu, no wahala. Roba ne. Ka ce wa Madam kar ta sa a rai." Na ji muryarsa, na san akwai wahala.

Abin da ban lissafa ba shi ne zumuncin mata. Kafin azahar Maman Firisila ta kira Ummusalma don ta kwantar mata da hankali, ta ce kuskure ne, kowa na yi. Nan Ummusalma ta fara jin laifin da ta aikata. Ba ta musa ba. Washegari ta shiga keke mai ƙafa uku tun daga Naraguta har Daɗin Kowa, ta durƙusa a gaban mutanen gidan da ke cike da 'yan biki, ta ba da haƙuri. Sannan ta kwance hankici ta miƙa wa Alphonsus mahaifinsa na roba, lafiya lau, gashin baki na nan, hula fes. Ashe tun ranar Talata ta ga hular ta yi dauɗa, ta zare shi daga mota ta wanke masa ita da ruwan sanyi, kamar yadda ta sha jin ina wa'azi, ta ajiye shi a saman kabad ya bushe.

Da ta dawo ta zuba mini abinci, ta matso mini da ruwan wanke hannu, ta ce, "Baban Madina, na kai musu direban. Na kuma ba su haƙurin abin da na yi." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko harare ni ba. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, har ta ranar da na yanka wa ango hannun riga biyu na hagu.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi shida cikin ƙoshin lafiya, da sitiyari, da fitilar hagu mai kallon sama, da ƙanwarta, wata keke mai ƙafa uku da ba a gama ginawa ba. Ta bar direbanta, wanda zai je bikin jikarsa a ƙafa, abin da Alphonsus ya ce Baba bai taɓa yi ba ko zuwa masallacin maƙwabta karɓar naman suna. Ta kuma bar mai ita, wanda bai cancanci a yi masa ta'aziyya ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a binne ta ba, tunda ƙasa ba ta cin roba. Za a ɗauko gawa daga Naraguta yau Juma'a bayan la'asar, a cikin kwalin takalmi, a kai ta Daɗin Kowa don iyalan Baba Obum su yi mata ganin ƙarshe. Ni zan riƙe kwalin, ni kuma zan durƙusa a daidai inda Ummusalma ta durƙusa, a gaban mutanen da suka gan ta. Daga nan za a dawo da ita shago, a zuba ta a kwalbar gilashi a kan kantar da ta rayu, da takarda mai ɗauke da rana da sunan wanda ya yi aikin. Duk ɗan zauren da ke da jan bulo mai ido takwas da ba ya amfani da shi, ya kai wa Alphonsus, kada ya kawo mini. Nasihar mako an ɗage ta har sai an sami wanda ya fi ni.

Alphonsus, ni ne. Maman Firisila, ni ne. Firisila, ki yafe wa Kawu, kakanki ya rasa motarsa a hannuna.

Ummusalma ba ta cikin wannan zaure, ta ce wayarta ba ta yara ba ce. Don haka ita zan fara karanta wa wannan sanarwa, da bakina, a tsaye, tun daga layin farko har inda sunanta ya fito. Tana tsakar gida yanzu tana tsince shinkafa, na leƙa ta sau huɗu na dawo. Idan saƙon nan ya iso wayarku, to na fita.

Zainulabideen Tela,
Titin Bauchi, Jos.