Na'urar Golf ɗin Baba Ta Rasu a Gareji

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, ni autar gidan nan nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar wasan golf ta mahaifinmu, wadda ta auku a gareji ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar wata uku. A yi mini afuwa idan na kauce wa tsari. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma Mama ta riga ta ja mini kunne cewa ba a ce wa ƙarfe ya rasu. Na nemi wata kalmar, ban samu ba.

Ga wanda bai san marigayiyar ba: 'yar ƙaramar aba ce, baƙa, mai idon gilashi biyu, tana zaune a ƙasa gefen wata koriyar tabarma. Idan aka buga ƙwallo cikin raga, sai ta lissafa inda zai faɗa da a fili ake, majigi ya haska shi a bango yana tafiya bisa ciyawa. Yaya ne ya kawo ta shekara huɗu da suka wuce, lokacin da Baba ya yi ritaya daga aikin awon filaye ya rasa inda zai sa kansa.

An shaide ta da gaskiya. Baba, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana jan tef bai taɓa ƙara wa kowa taku ɗaya ba, yakan ce sai da ya bar aiki ya sami abokiyar aiki. Ba ta da yawan magana. Idan ta shirya sai ta ce "tin". Idan bugu ya yi kyau ta saki tafi, raf-raf-raf, na wasu mutane da ba mu taɓa gani ba. Idan bai yi kyau ba ta yi shiru. Kullum ƙarfe takwas, daga ɗakina ina jin su biyun.

Bara ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Da ya fara takawa, likita ta ce ya koma wa sandarsa ta golf, babu motsa hannun da ya fi wanda mutum yake so. Ranar da ya koma, ƙwallon da yake kaiwa yadi ɗari da sittin ya tsaya a talatin da ɗaya. Marigayiya ta yi shirunta. Baba ya zauna a kan bokitin fenti yana kallon lambar har majigi ya gaji ya dushe.

A nan ne ya kamata in faɗi musabbabin ciwon.

Ni kaɗai ce a gidan nan na karanta littafin na'urar, shafi ɗari biyu da sha biyu, don duk abin da aka buga a takarda sai na karanta. A shafi na ɗari da arba'in da bakwai akwai wani saiti da aka yi domin yara, wanda ke ƙara wa bugu nisa. Na ƙara mata kaɗan. Washegari ta ce arba'in, Baba ya ci abincinsa duka. Mako na gaba na sake ƙarawa. Na yi ta ƙarawa duk Lahadi, kamar mai ɗiga magani a cokali, har tafin ya dawo garejinmu.

Na manta wanda nake yi wa. Da ta kai ɗari da arba'in, Baba ya ɗago kofin shayinsa ya nuna mini yadda yake zuba a farantin.

"Auta, hannun da ya kasa wannan, shi ya kai ƙwallo can? Yarinyar nan ba ta da lafiya." Na'urar yake nufi.

Daga nan jinya ta fara, kuma ba a yi sakaci ba. An goge mata idanu da ƙyallen tabarau. An auna tsakaninta da ƙwallo har sau uku. Baba ya durƙusa da ƙyar ya ɗora ma'aunin magina mai kumfa a ƙasa, ya gano tana karkace da kaurin kwali ɗaya, aka saka mata kwalin. An canza ƙwallaye, an canza kwan fitila, an sabunta manhajarta. Duk wannan ni ce mai riƙe tocila, ni ce mai buɗe littafi, ina karanto masa kowane shafi ban da guda ɗaya.

Ranar Talatar ya kira Mama daga kicin, ya miƙa mata sanda.

"Ni? Malam, rufa mini asiri, ina da tukunya a wuta."

"Buga kawai."

Ta riƙe ta kamar tsintsiya, ta rufe ido, ta ɗan doki ƙwallon. Marigayiya ta ba Mama yadi casa'in, ta kuma yi mata tafi. Mama ta fashe da dariya, ta juyo ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya a hanya. Baba ya cire safar hannunsa da haƙori, ya ajiye a kan bokitin fenti.

"A mayar da ita kwalinta," ya ce.

Lokacin rasuwar ke nan. Fitilarta na ci, amma mai ita ya daina yarda da ita. Yau kwana sha tara bai taka garejin ba, bai ɗaga hannun ba, kuma yatsunsa sun fara naɗewa kamar farkon ciwon.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ba ta kwanta ba. Na kasa cire filoginta. Kullum takwas da 'yan mintuna sai in ji "tin", babu kowa a ciki. Littafin ya ce hasken rana idan ya faɗo kan idonta yakan sa ta ga bugun da ba a yi ba, kuma tagar garejin gabas take kallo. Na san haka. Duk da haka ranar da na leƙa, na ga ƙwallo yana tashi a bango shi kaɗai, mutanen nan suna tafi, sannan ta nuno hoton bugu mafi kyau da ta adana, kamar yadda ta saba: Baba na shekara biyu baya, a miƙe, kafaɗunsa daidai, yana juyowa yana wa wani murmushi. Ta bango ina jin tarin Baba na yanzu a falo. Na san shi ma yana jin tafin, domin a daidai lokacin yake ƙara muryar rediyo.

Marigayiya ta bar raga ɗaya, majigi, sanduna sha huɗu, safar hannu mai shatin haƙori, da tabarma wadda ta cinye a wuri biyu daidai tafin ƙafafunsa. Ta bar ni.

Ta rasu ana ce mata maƙaryaciya, alhali ko sau ɗaya ba ta faɗi abin da ba a sa ta ba. Baba, ni ce. Na mayar da saitin sifili. Idan ka buga yanzu ba za ta yi tafi ba.

Game da jana'iza: da farko an tsayar da Asabar bayan karin kumallo, a naɗe waya, a saka ta a kwalinta, a ɗora bisa kabad. Jiya na tura wannan takarda ta ƙarƙashin ƙofarsa na gudu ɗakina. Yau na same ta a kan tebur ƙarƙashin kofinsa. Bai taɓa komai ba sai wuri biyu, da jan biro, da rubutun hannun dama mai karkata kamar na ɗan aji ɗaya. Inda na sa yadi talatin da ɗaya ya gyara zuwa ashirin da tara, ashe tun a nan na fara ƙari. Sannan ya soke Asabar ya rubuta: "Kada a rufe sai na auna."

Saboda haka an ɗage. Gawa tana nan inda take. Za a buɗe gareji gobe ƙarfe takwas, an rataya labule a tagar gabas, an ajiye ƙwallo ɗaya a kan tabarma. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, duk lambar da ta fito, kada kowa ya yi tafi.